Kwana Huɗu Fasfona Yana Hannun Manya

Ban rubuta komai ba a kwanakin da wannan abu ya faru, kuma an ɗan kwana biyu. Saboda haka mai yiwuwa ne in sa maganar wani a bakin wani, ko in cakuɗa zaman Alhamis da na Asabar a wasu wurare. Abin da na tabbata da shi shi ne jerin kwanakin. Sauran kuwa, iya abin da na tuna na kawo.

Bayan na gama jami'a na yi bautar ƙasa, sai na dawo ƙauyenmu a yankin Balan ta ƙasar Gaya, ina taya Baffa noma ina neman aiki. Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe mu tun rasuwar mahaifin namu. A cikin wannan zama na dace da gurbin wani kwas na wata uku a ƙasar waje, kan adana iri da hatsi. Wataƙila ba wani abu ba ne a wurin wasu, amma ni shi ne karo na farko da na tura takardar nema ta dawo da amsa mai daɗi. Sharaɗin da aka gindaya mana shi ne kowa ya miƙa fasfonsa ga mai haɗa tafiyar a Kano ranar Litinin, don a tura neman biza gaba ɗaya. Wanda bai kawo ba, akwai masu jiran gurbinsa.

Ranar Alhamis na karɓo nawa. Ma'aikacin da ya miƙo mini, da ya ga na sa hannu biyu, sai ya gane sabon shiga ne. Ya ce kada ruwa ya taɓa shi, kada ya yage, kuma kada kowa ya yi rubutu a ciki in ba jami'in da aka ba hatimi ba. In aka yi, ya lalace, sai in koma neman wani daga farko. Na riga na san tsawon lokacin da na farkon ya ci mini. Damina ce, ga hadari ya haɗo ta gabas. Na sa shi a leda, na sa ledar a wata ledar, na zura a aljihun ciki. Daga Kano zuwa Wudil zuwa Gaya hannuna yana kan ƙirjina, har wata tsohuwa da ke kusa da ni a mota ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

A gidanmu duk takardar da yaro ya samo, hannun Baffa take fara shiga. Sakamakon firamare, na sakandare, takardar shiga jami'a, duk haka aka yi. Yakan karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya sa albarka, sannan ya mayar wa mai ita. Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne, kafin ya mayar, yakan fita da ita majalisa. Takardun baya ban taɓa damuwa ba, domin duk sai da na kai aka manne mini su cikin roba kafin in kawo gida. Fasfo kuwa ba a manne shi.

Majalisar Baffa tana gindin wata darbejiya a ƙofar gida, bayan la'asar. Na bi shi, na gaida kowa, na zauna a bakin tabarma inda ya kamata irina ya zauna.

"Ɗan nan ya samo takardar fita ƙasa," in ji Baffa, yana warware ledojina ɗaya bayan ɗaya. Ya ninke su ya sa a ƙarƙashin gwiwarsa.

Aka fara zagayawa da shi, daga babba zuwa na ƙasa da shi. Na bi shi da ido daga hannu zuwa hannu. Mutum ɗaya yana cin goro, wani ya taso daga gona ke nan. A wurinmu yaro ba ya miƙa hannu ya karɓi abin da ke hannun babba, ko da nasa ne, sai an miƙo masa.

Wani tsohon kansila, maƙwabcinmu, shi ya fara tsayawa a kan tambarin ƙasa. Ya nisanta shi da idonsa ya ce, "Dawaki biyu, mikiya ɗaya. To mu ina muke a nan?"

A gefensa akwai Hedimasta. Haka kowa ke kiransa, ko da yake ya daɗe da yin ritaya. Shi ya koyar da ni a firamare, ya koyar da rabin magidantan ƙauyen. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Faɗa musu ma'anarsa. Na koya maka, in ba ka zubar a jami'a ba."

Na ce baƙar garkuwar nan ƙasar noma ce mai albarka, fararen layukan da suka haɗu manyan kogunan ƙasar ne guda biyu, dawakin martaba ne, mikiyar kuma ƙarfi.

"Baƙar ƙasa," in ji Baffa. "Ta fadama ke nan. Mu masu jigawa fa? Gero da gyaɗa da waken da ake ɗiba daga nan mota-mota, a baƙar ƙasa ake noma su?"

"Ai duk wanda ya hau sai ya taɓa wani abu," in ji tsohon kansila. "An taɓa taken ƙasa, an taɓa takardun kuɗi, wasu an cire musu ajami. Da mutanenmu ne a sama, da tuni an sa fartanya a nan wurin."

Mai cin goro ya ce, "Lokacin da mutanenku suke sama, ko kwalbatin nan ba ku zana mana ba."

Aka yi dariya, har shi kansilan. Daga nan musu ya barke. Wani ya ce mikiya ɓarauniyar 'yan tsaki ce, gara a sa shamuwa mai zuwa da labarin damina. Wani ya ce shamuwa baƙuwa ce, da ruwa ya ɗauke take tafiyarta, ba a yi mata tambari. Ni ma, duk da halin da nake ciki, sai da na murmusa.

Hedimasta bai sa baki a maganar tsuntsaye ba. Ya karɓi fasfon, ya buɗe, yana bin shafukan a hankali. A aljihun gaban rigarsa akwai jan biro, wanda ba ya rabo da shi. Duk abin da aka buga aka kawo gabansa sai ya gyara: katin ɗaurin aure, kalandar da ake rabawa, hoton ɗan takara da aka liƙa a bangon shago. Akwai angon da aka taɓa mayar wa katin gayyatarsa da da'irori uku da sa hannu a ƙasa.

"Turanci," in ji shi. Ya juya. "Faransanci. Daga nan har Ajingi wa ke jin Faransanci? Hausa kuwa ko kalma ɗaya babu." Ya ci gaba da juyawa. "Kuma babu abin da zai nuna wa mutumin wata ƙasa daga wane irin gari yaron nan ya fito. An rubuta sunan gari kawai, kamar kowane gari. Gaya fa ake magana. Daga nan maƙera suka tashi suka je dutsen Dala neman tama, suka zauna, har wurin ya zama Kano. Mu ne iyaye. Da akwai adalci, da maƙera da guduma ne a tsakiyar garkuwar nan."

Wannan labari na maƙeran Gaya na ji shi tun ina yaro, na kuma gamu da shi a karatu. Ban isa in ce ga iyakar gaskiyarsa ba, masana ma suna da bayanai iri-iri. Amma a gindin darbejiyar nan ba a musunsa.

Hedimasta ya rufe fasfon ya ce wa Baffa, "Bari in je da shi gida in duba shi da kyau. Nan surutu ya yi yawa."

"Tafi da shi mana," in ji Baffa. "Ai ɗalibinka ne."

Ya zura shi a aljihun gaba, kafaɗa da kafaɗa da jan biron. Ledojina suna ƙarƙashin gwiwar Baffa.

Washegari Juma'a na yi sammakon zuwa gaishe shi. Na same shi a zaure, fasfon a kan wata 'yar kujera, ga tsohon littafin rubutu a cinyarsa ya cika shafi da layuka, wasu ya soke su. Bayan gaisuwa ya nuna mini da fara'a. Ya ce ya ga fasfon cike yake da shafuka babu komai a kansu, saboda haka zai ɗauki guda ɗaya ya rubuta taƙaitaccen bayani, da Hausa da Turanci, cewa mai wannan takarda ɗan ƙasar Gaya ne, garin da ya haifi Kano, a karɓe shi da mutunci. Ya ce gudummawarsa ke nan ga tafiyata, tunda ba shi da wani abin da zai ba ni.

Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya gafarta Malam, kamar dai na ji an ce wataƙila ba a cika son a yi rubutu a ciki ba."

"An ce. Wa ya ce?"

"Wani ma'aikaci ne, Malam."

"Ma'aikaci. Yana nufin zane-zanen yara. Wannan tarihi ne. In ba don rubutu ba, don me aka bar shafuka fari fat?"

Na san amsar, na san na biza ne da hatimin shiga da fita. Amma mutumin da ya riƙe hannuna ya koya mini baƙi yana zaune yana nuna mini kyautar da ya kwana yana shirya mini, sai na kasa ce masa kyautarsa za ta hana ni tafiya. Na ce, "Haka ne, Malam." Na sha tambayar kaina dalilin da ya sa na ce haka, har yau ban sami amsar da ta gamsar da ni ba.

Abin da ya cece ni ranar shi ne ɗabi'arsa ta malanta. Bai taɓa yarda ɗalibi ya rubuta abu a littafin kirki ba sai ya fara gwadawa a takardar banza, kuma shi ma haka yake yi wa kansa. Ya ce bai gama tace kalmomin ba. Gobe bayan la'asar zai karanta wa majalisa, in kowa ya amince, ya kwafe a gabansu.

Na yi tunanin gaya wa Baffa, sai na ga in na yi haka na kai ƙarar amininsa ke nan, kuma na nuna kuskure ya yi da ya bayar. Na yi tunanin rubuta wa Hedimasta wasiƙa, sai na tuna abin da yake yi wa duk takardar da ta zo gabansa. Bayan an sauko daga masallaci na shiga cikin gida na zauna kusa da ɗakin Inna, mahaifiyata, tana tsince wake a faifai. Ni ne ɗanta na fari, kuma Bafulatana ce, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika duban fuskata in za ta yi magana ba. Na kwashe labarin duka na faɗa, ina kallon ƙasa, tana kallon wake.

Da na gama, sai ta ce wa faifan, "An nuna wa dangin uba takarda, dangin uwa ba su gani ba."

Na ce, "Inna, ai takardar ma ba ta hannuna."

"Kawun mutum yana nan da ransa a Toranke," in ji ta. "A je a gaya masa wa ya riƙe."

Gaskiya na ɗauka ba ta fahimci damuwata ba, ƙorafin zumunci kawai take yi. Amma ba ni da wata dabara, kuma maganar uwa ce. Asabar da safe na ari babur ɗin wani abokina na kama hanyar Ajingi, inda Toranke take. An yi ruwa da asuba, hanyar da ta ratse zuwa ƙauyen su Kawu duk taɓo, gero ya yi tsawo har ya rufe mutum ta kowane gefe.

Kawu yayan Inna ne. Ya daɗe da daina yawon kiwo, yana noma, amma bai taɓa rabuwa da shanu ba. Na same shi a bayan gida yana zuba wa wasu bijimai biyu dusa. Da kawu ba a jin nauyi irin na baffa, saboda haka bayan an kawo mini fura na faɗa masa komai ba kwana-kwana, har da abin da ma'aikacin ya ce.

"Tsaya," in ji shi. "In aka yi rubutun, me zai faru?"

"Ya lalace, Kawu. Litinin ba ni da abin miƙawa, a ba wani gurbina."

"Ka faɗa masa haka?"

"Na ɗan nuna masa."

"Ka ɗan nuna masa." Ya kakkaɓe hannunsa. "Wa ka ce ya riƙe? Hedimastan nan?"

Na ce shi.

Sai ya fashe da dariya har da dafa turke. "Babarbaren nan? Bawana ne ya riƙe maka takarda kake ramewa? Jira ni in sa riga."

A nan ne na gane abin da Inna take nufi. Kakan Hedimasta daga Barno ya zo, fataucin kanwa ya kawo shi ya zauna. Kowa ya sani, amma ba wanda ke tayar da maganar, ni kaina na manta. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa akwai wasa tun kaka da kakanni. Abin da babu wanda ya isa ya yi wa Hedimasta a ƙauyenmu, ko Baffa, Kawu zai yi masa a bainar jama'a, kuma ba shi da ikon yin fushi.

Kawu ya fito da babbar riga da malfa da sandarsa, ya hau bayana. Duk hanya yana ce mini in rage gudu, ni kuma ina duban rana. Sau biyu muka sauka muka tura babur a taɓo. Muka yi la'asar a wani masallaci na bakin hanya. Da muka iso, majalisa ta cika fiye da ta Alhamis, domin labari ya bazu. Hedimasta yana tsaye da littafinsa yana karanta jimlar ƙarshe, mutane suna gyaɗa kai. Ya zauna, ya ɗora fasfon a gwiwarsa, ya buɗe wani shafi ya danne da tafin hannu, ya cire murfin biro da haƙori.

Kawu ya yi sallama ga jama'a, ya gaisa da Baffa hannu biyu, sannan ya juya ga Hedimasta.

"Kai, ɗan kanwa. Ba ka ga ubangidanka ya zo ba ne kake zaune?"

Hedimasta ya cire murfin daga bakinsa. "Wa ya kwance wannan daga turke? Ku matsa masa, warin nono zai kashe mu."

"Me ka ɓoye a gwiwa?"

"Abin masu karatu ne. Ba a tatsarsa."

Kawu ya sunkuya, ya sa yatsu biyu ya zare fasfon daga ƙarƙashin hannunsa, kamar mai ɗaukar nasa. Babu wanda ya motsa. Wasu suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Kawu ya juya shi, ya dubi tambarin ya daɗe.

"Dawaki," in ji shi. "Doki me ya taɓa ba ƙasar nan in ban da cin hatsinta? Nono daga saniya, nama daga saniya, taki daga saniya, huɗa ma yanzu da ita kuke yi. Amma da aka tashi zane sai aka ɗauko mai cin banza har guda biyu."

"Ka ga irinta," in ji Hedimasta ga jama'a. "In aka biye musu, tutar ƙasa ma ƙwarya za a zana a kanta. Miƙo nan, tarihin Gaya zan sa a ciki."

"Tarihin Gaya. Kai? Lokacin da maƙeran nan suka tashi, kakanka yana can gabas yana ɗaure wa jaki mangala. Ka rubuta tarihin kanwa, shi ka gada."

Majalisa ta kwashe da dariya. Hedimasta ma ya yi, yana nuna Kawu da biro. "Naka kakan fa? A bayan saniya aka haife shi, bai san sunan garin da ya kwana ba."

"Shi ya sa ban ce zan rubuta komai ba." Kawu ya ɗaga fasfon sama. "Ka tsufa a cikin aji, amma sai makiyayi ne zai karantar da kai. Wannan ba katin biki ba ne. Ka ɗiga masa jan abin nan ko sau ɗaya, hukuma ta ce ya mutu. Jibi yaron nan ya je Kano hannu biyu, a ba ɗan wani gari gurbinsa. Shi ke nan ka yi wa Gaya hidima."

Dariyar ta ɗan lafa. Hedimasta ya juyo ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da na sani tun ina aji uku.

"Haka ne?"

"Haka ne, Malam."

"Tabbas, ko an ce?"

"Tabbas, Malam."

Na ga kunya ta ɗan taɓa fuskarsa, ni ma ta kama ni, domin da na faɗa masa sarai a zaurensa, da ba a kai ga faɗa masa a gaban mutane ba. Baffa ya dube ni, ya dube shi, ya buɗe baki zai yi magana. Kawu ya riga shi.

"Ku bar shi, ba laifinsa ba ne. Babarbare in ya ga farin wuri sai ya tsaga. Dubi fuskokinsu."

Wannan karon har Baffa sai da ya riƙe ciki. Hedimasta ya mayar da murfin bironsa a hankali, ya ce ai dama ya sani, so yake ya ga ko akwai mai hankali ɗaya a dangin uwar yaron, kuma alhamdulillahi an samu, ko da yake da ƙyar. Ya yage shafin da ya tace daga littafinsa, ya ninke, ya miƙo mini, ya ce in sa a jaka dabam, in wani ya tambaye ni daga ina nake kada in tsaya inda-inda. Na karɓa da hannu biyu. Daga nan aka koma kan saniya da doki da maƙera, tsohon kansila yana cewa a haɗa duka a rubuta wa majalisar tarayya, mai cin goro yana tambayarsa ko shi zai kai da ƙafa.

Na zaci wahalata ta ƙare, na matso kusa da Kawu ina jiran ya miƙo. Sai na ga ya ɗaga babbar rigarsa ya zura fasfon a aljihun 'yar ciki.

"Kwana biyu ya yi a dangin uba," in ji shi. "Zai yi biyu a dangin uwa. Litinin ka same ni a tashar Gaya."

Baffa ya ce wannan adalci ne. Na ce, "Kawu, ledojin fa?" Ya ce shi bai san leda ba, kuma wani ne zai mayar da shi gida ba ni ba, don ya gaji da tuƙina.

Lahadi aka wuni ana ruwa. Ba zan ɓoye ba, na yi ta hasashen ɗakin Kawu yana yoyo, da jikokinsa, da ƙwaryar nono, da ɗan maraƙin da na gani yana tauna igiya. Na kira wayarsa sau uku, ba ta shiga. Inna tana jin motsina ta ce wa tukunya, "Mutumin da ya raini garke bai ɓatar da ko ɗaya ba, ba zai ɓatar da takarda ba." Na so in yarda, na kuma yarda rabi.

Litinin tun kafin rana ta yi sama ina tasha. Mota ta fara cika, na biya na ajiye jakata a kujera na fito ina leƙen hanyar Ajingi. Saura mutum biyu direba ya fara ɗumama inji. Sai ga Kawu a bayan acaɓa, malfarsa a rataye a wuya. Bai yi sauri ba. Ya sauka, ya gaisa da wani da ya sani, sannan ya zo ya ciro wani ƙunshi a cikin sabon ƙyalle fari, an ɗaure shi da zare.

Na kwance a gabansa, ban iya jira ba. Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Babu ɗigo, babu danshi, babu ko lanƙwasa. Ƙamshin hayaƙin ɗaki kawai yake yi.

"Mutum uku suka gani," in ji shi. "Kowa sai da ya wanke hannu, kuma a hannuna suka gani. Sun ce a gaya maka hotonka bai yi kyau ba, kamar an tsorata ka."

Na ce ai an tsorata ni. Ya yi dariya, ya dafa kaina ya yi addu'a, ya ce in shiga kada a tafi a bar ni. Kafin azahar na miƙa fasfon a Kano, aka rubuta sunana a cikin waɗanda suka kawo. Bayan 'yan makonni na tafi kwas ɗin.

Iya abin da na riƙe ke nan. Akwai wuraren da nake shakka. Ban tabbata ko maganar shamuwa ranar Alhamis aka yi ta ko ranar Asabar ba. Wani ya ce mini ba da yatsu Kawu ya zare fasfon ba, da bakin sanda ya fara janyo shi, ni dai ban ga haka ba, amma a lokacin idona yana kan biro. An kuma ce Baffa ya yi wata magana bayan na tashi wadda ta fi duk waɗanda na kawo, ba wanda ya maimaita mini ita daidai. Mutanen da suka zauna a gindin darbejiyar nan a ranakun biyu suna da yawa, akasarinsu suna raye. Duk wanda ya ga na ƙara, ko na rage, ko na ba wani maganar da ba tasa ba, ina roƙonsa ya aiko mini ta hannun Baffa ko ya tare ni in na zo gida, zan gyara, kuma zan gode.